Wace Manhajar Haɗa Kiɗa Ce Ta Dace da Ɗan Koyo a Kwamfutar Gida?

Duk wanda ya sa ƙafa a harkar haɗa kiɗa a kwamfuta, tambayarsa ta farko ɗaya ce: wace manhaja ce ta fi? Amsar kuwa ta danganta da wanda ya tara. Mai FL Studio zai ce masa kada ya ɓata lokacinsa da wata. Mai Cubase zai ce FL ta yara ce. Mai Ableton Live ya yi murmushi ya ce duk an wuce zamaninsu. Kowa nasa yake yabo, don kowa da abin da hannunsa ya saba. Sai ɗan koyo ya koma kansa ya fi ɗaurewa, ya sauke uku ko huɗu, ya buɗe kowace ya ga maɓallai birjik, ya rufe ya kwanta.

A ganina tambayar ce aka yi a karkace. Manyan manhajojin nan duk sun kai matsayin da babu wadda za ta hana mutum yin waƙa mai kyau, babu kuma wadda za ta yi masa ita. Abin da ya raba su shi ne yadda kowace take so ka tsara tunaninka a lokacin aiki, sai kuma abin da kamfanin ya datse daga sigar da aljihun ɗan koyo zai iya. Amma ba za a gane wannan ba sai an fahimci ainihin aikin da ake ɗora musu.

Sikwensa, wato manhajar jera kiɗa wadda ita ce tushen waɗannan manhajoji, a asalinta ba sauti take ajiyewa ba, umarni take ajiyewa. Idan ka jona kibod ɗin kiɗa da kwamfuta ka danna maɓalli, abin da yake bi ta waya ɗan gajeren saƙo ne: an danna maɓalli mai lamba 60, da ƙarfi 90, a tasha ta ɗaya. Ka ɗaga yatsa, wani saƙon ya biyo baya cewa an saki. Lambar maɓalli da ta ƙarfin bugu daga 0 zuwa 127 suke, tashoshin kuma 16 ne. Wannan tsarin shi ake kira MIDI, kuma ya fito ne a 1983. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan su ne a kan gaba wajen shawo kan kamfanonin da ke gasa da juna su yarda da yare ɗaya. A watan Janairun shekarar aka jona kibod biyu na kamfanonin nan, Prophet-600 da Jupiter-6, a gaban jama'a a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka danna ɗaya, ɗayan ya amsa. Sama da shekara arba'in ke nan, kuma har yau kibod ɗin wancan zamani yana iya magana da kwamfutar bana.

Bambancin MIDI da sautin da aka ɗauka kamar bambancin rubutaccen jawabi ne da jawabin da aka naɗa a rikoda. Rubutun kana iya goge kalma ka sa wata, ka ba wani ya karanta da tasa muryar, ya yi sauri ko ya ja. Wanda aka naɗa kuwa ya naɗu, gyaransa sai da dabara. Haka nan wanda ya buga kiɗansa da MIDI yana iya kama amon da ya kuskure da linzamin kwamfuta ya mayar da shi gurbinsa, ya sauya fiyano ya koma jita, ya rage gudun waƙar gaba ɗaya, komai bai lalace ba. Fayil ɗin ma ba shi da nauyi. Minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabayit 10, alhali cikakkiyar waƙa a MIDI ba kasafai take kai ko da kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba.

Daga nan ne wani abu yake fitowa wanda ’yan koyo da yawa ba sa lura da shi. Tunda MIDI ba shi da sauti, abin da kunne yake ji daga wani wuri yake zuwa: daga kayan kiɗan roba da ke cikin kwamfutar, wato ƙananan manhajojin da ke kwaikwayon ganga da bas da fiyano. Idan wani ya ce maka manhaja kaza ta fi zaƙin sauti, galibi kayan kiɗan da aka haɗo ta da su yake yabo, ko kuma gwanintar wanda ya ji yana aiki da ita. A ɗauki fayilolin sauti iri ɗaya a jera su a manhajoji biyu da saiti ɗaya, ba a ƙara komai ba, abin da zai fito kunne ba zai raba ba, domin lissafin tarawa ne kawai kwamfutar take yi. Saboda haka a cire maganar zaƙin sauti daga ma'aunin zaɓe tun yanzu.

A farkon zamani aikin a rabe yake. Kwamfutar Atari ST da ta fito a 1985 ta zo da kafar MIDI a jikinta, shi ya sa makaɗa suka rungume ta, kuma a kanta kamfanin Steinberg na Hambug a Jamus ya fitar da Cubase a 1989. Kwamfutar tana ba da umarni, na'urorin waje suna fitar da sauti, murya kuma ana ɗaukar ta a tef. A 1996 Steinberg ya ƙirƙiro VST, hanyar da za a riƙa cusa ƙananan manhajoji a cikin babbar, a 1999 kuma aka faɗaɗa ta ta karɓi kayan kiɗa. Tun daga lokacin situdiyo ya soma shigewa cikin kwamfuta. Yau kusan kowace manhaja tana jera MIDI, tana ɗaukar murya, tana haɗa sauti, shi ya sa masu harkar suka fi kiran su DAW, wato cikakken wurin aikin sauti a kwamfuta. Sai dai kowace tana nan da gadon gidansu, kuma wannan gadon ne ɗan koyo zai yi ta karo da shi kullum.

Gida na farko shi ne na masu bin tsarin tef. Lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, layukan kayan kiɗa suna jere daga sama zuwa ƙasa, waƙa tana da farko tana da ƙarshe a gaban idonka. Cubase da Logic da Pro Tools da Studio One da REAPER duk ’yan wannan gida ne. Wanda waƙarsa ta riga ta zauna a kansa, yana rera ta ko yana buga ta da hannu, abin da yake nema kawai inda zai zuba ta, nan ya fi dacewa da shi.

Gida na biyu na masu gini da zagaye ne, kuma FL Studio ce uwar ɗakinsu. Kamfanin Image-Line na Beljiyam ne ya fitar da ita a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, aikin Didier Dambrin, kafin a sauya mata suna a 2003. Da ka buɗe ta za ka ga jerin ’yan akwatuna 16 a gaban kowane kayan kiɗa. A gudun bugu 120 a minti, akwatunan nan 16 daƙiƙa biyu ne cif, kowane ɗaya milisakan 125. Ka kunna na 1 da na 5 da na 9 da na 13 a layin babbar ganga, ka kunna na 5 da na 13 a layin tafi, ka sa ƙaramin kuge a kowane akwati na biyu, ka danna maɓallin kunnawa. Shi ke nan, kiɗa ya tashi, yana zagayawa, kanka ya fara kaɗawa, ba ka san ko da sunan amo ɗaya ba. Babu manhajar da ta kai ta saurin faranta wa sabon shiga rai, kuma ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba, domin wanda bai ji daɗi a daren farko ba da wuya ya dawo a na biyu.

Amma daɗin nan yana da tarko. Zagayen daƙiƙa takwas da ke maimaita kansa yana iya riƙe mutum awa uku yana ƙara masa ado, bai taɓa zama waƙa ba. Kwamfutocin ’yan koyo cike suke da irin waɗannan guntaye, kowane da farko mai ƙayatarwa, babu na biyu. Akwai kuma wata matsala ta lissafi: 16 ba ta rabuwa gida uku. Duk kiɗan da bugunsa yake tafiya uku-uku, ko wanda ake saƙa uku a kan biyu, ba zai zauna a waɗannan akwatuna ba sai an sauya rabon zuwa 12 ko 24. Manhajar tana iya yin hakan, kowace ma tana iyawa, amma wanda bai sani ba sai ya yi ta tura kiɗan da ke kansa cikin ma'aunin da ba nasa ba, ya rasa dalilin da ya sa abin ya fito a sandare. Haka ma maɓallin da ke jawo kowane bugu ya daidaita shi da layi. Yana rufa wa mai rawar hannu asiri, amma idan aka danna shi ɗari bisa ɗari a kan komai sai ya kashe ɗan jinkiri da ɗan gaggawar da ke sa kiɗa ya yi rai. Yawancin manhajoji suna ba da damar a daidaita rabi-rabi. Wannan saitin ya cancanci a neme shi tun makon farko.

Gida na uku Ableton Live ce ta gina shi, daga Balin ta Jamus, a 2001. Tana da wani shafi inda ba a jera komai bisa lokaci. Guntayen kiɗa ne a cikin akwatuna, ka danna wannan ya tashi, ka danna wancan ya shigo a daidai kan bugu, ka yi ta gwada wane ya dace da wane ba tare da kiɗan ya tsaya ba. In ka gamsu sai ka naɗe abin da ka yi ya koma dogon layi. Don kan dandamali aka fara ƙera ta, jera MIDI ma sai a 2004 ta samu. Wanda ba ya zuwa da waƙa a kai, sai yana taɓe-taɓe take zuwar masa, zai ji kamar don shi aka yi ta. Bitwig, wadda ita ma daga Balin ta fito a 2014, wannan hanyar ta bi.

To, mutum ya gane gidansu, saura sigar da zai ɗauka, kuma a nan ake yawan yin kuka. Kamfanonin suna sayar da manhaja ɗaya hawa-hawa, abin da suke cirewa daga hawan ƙasa kuma ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe. Mafi arhar sigar FL Studio, wadda ake kira Fruity, ba ta ɗaukar murya daga makirufo. Mawaƙin da ya saye ta don ya rera a kan kiɗansa ya sayi rabin abin da yake buƙata. Sigarta ta gwaji kuwa tana barinka ka yi komai har ka adana aikin, amma ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka biya. Live Lite, wadda ake bayarwa kyauta tare da kibod da katin sauti (na'urar da ke jona makirufo da lasifika da kwamfuta) da yawa, layi 8 take tsayawa, sigar Live Intro kuma 16. Layi takwas ba kaɗan ba ne ga mai koyo, in ka tambaye ni ma horo ne mai kyau, amma gara mutum ya sani kafin ya je ƙara na tara. REAPER, ta Justin Frankel wanda ya yi manhajar sauraron kiɗa ta Winamp, ba ta datse komai: kwana 60 na gwaji da cikakkiyar manhaja, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukar ta, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Lam'arta ita ce kusan hannu rabbana take zuwa ta fuskar kayan kiɗa, sai ka nemo da kanka, kuma yawan saitinta yana iya firgita sabon shiga.

Cikin na kyauta, mai Mac bai da dalilin wahalar da kansa. GarageBand tana nan tun 2004, da kayan kiɗa masu kyau, kuma ranar da ya fi ƙarfinta Logic za ta buɗe ayyukansa yadda suke. LMMS kyauta ce, tsarinta ya yi kama da na FL, amma ba a yi ta don ɗaukar murya ba. Waveform Free da Ardour suna yin duka biyun, jera MIDI da ɗaukar murya. Audacity kuma, da ake yawan ba ’yan koyo shawararta, ba sikwensa ba ce sam. Wajen yanka sauti da goge shi ba ta da laifi, amma ba a gina kiɗa da MIDI a cikinta.

Akwai abin da ba a cika tunawa da shi ba sai ya faru: manhaja tana da mai ita, mai ita kuma yana iya sauya ra'ayi. A 2002 Apple ya sayi Emagic, kamfanin da ke yin Logic, ya dakatar da sigar Windows, waɗanda suka shekara suna aiki da ita a can suka wayi gari da zaɓi biyu, su sayi Mac ko su koyi wata. A Nuwamban 2017 kamfanin Gibson ya sanar da daina aiki a kan Cakewalk, manhajar da ke raye tun 1987, sai a 2018 BandLab na Singafo ya karɓe ta ya sake ta kyauta. Ba wanda zai iya hango irin wannan, amma ana iya duba tsarin lasisi kafin a biya. Image-Line yana ba da sabuntawa kyauta har abada ga wanda ya saya sau ɗaya. Wasu sai ka ƙara kuɗi a kowace babbar siga. Wasu kuma haya ce ta wata-wata, ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe da ayyukanka a ciki. Ga wanda bai ma tabbatar zai ɗore a harkar ba, ni ba na son haya.

Kwamfutar kanta ba sai ta kece raini ba. Gigabayit 8 na RAM yana aiki, 16 ya fi sakewa, faifan SSD kuma yana rage zaman jira idan ana loda manyan kayan kiɗa. Abin da ya fi kashe wa ’yan koyo gwiwa wani ne daban: ka danna maɓalli, sautin ya makara. Dalilin shi ne kwamfuta tana yanka sauti galibi zuwa ɗigo 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma ba ɗaya-ɗaya take sarrafa su ba, ƙunshi-ƙunshi take yi. Girman ƙunshin shi ake kira bafa, kuma kai ne kake saita shi. Idan 256 ne, jiran kusan milisakan 6 ne. Idan 1,024 ne ya haura 23, mai rera waƙa yana jin kansa a kunne kuwa ninki biyu zai sha, shiga da fita. Milisakan 10 daidai yake da tsayawa kimanin mita uku da rabi daga lasifika, hannu yana jure wannan. Da an doshi 30 ko 40 sai bugu ya fara tuntuɓe, mutum ya ɗauka shi ne bai iya ba. Idan kuma aka matse bafa ya yi ƙanƙanta fiye da ƙarfin kwamfutar, sai sauti ya riƙa tsattsagewa yana ƙas-ƙas. Dabarar da kowa yake bi ita ce a rage shi lokacin bugawa da rerawa, a ƙara shi lokacin haɗa sauti, inda jinkiri ba ya cutar da kowa.

A Windows wannan jinkiri ya fi tsanani idan aka bar manhaja tana bi ta hanyar sauti ta yau da kullum. Maganinsa direban ASIO ne, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa DAW da na'urar sauti kai tsaye, wanda Steinberg ya fito da shi a 1997. Katin sauti na waje yana zuwa da nasa, wanda ba shi da kati kuma yana iya lallaɓawa da ASIO4ALL. Mac ba ya buƙatar wannan. Na'urar sauraro ta Bluetooth kuma a ajiye ta gefe, jinkirinta yakan wuce milisakan 100, babu saitin da zai gyara. Na tabbata an sauya manhajoji da yawa a banza saboda wannan matsala, ana zagin wadda ba ta da laifi.

Sai batun fulogin, ƙananan manhajojin da ake cusawa. Yawancin DAW suna karɓar VST, Logic da GarageBand wani nau'in mai suna AU suke karɓa, Pro Tools kuma AAX. Na kyauta masu inganci suna nan, irin su Vital da Surge XT da Dexed, waɗanda sun isa mutum ya shekara bai ƙure su ba. Tara su dai cuta ce mai zaman kanta. Na sata kuma, waɗanda aka fasa wa makulli, ban da haƙƙin masu su akwai haɗari na zahiri. A 2019 kamfanin tsaro na ESET ya bankaɗo wata muguwar manhaja da ya sa wa suna LoudMiner, wadda aka ɓoye cikin kayan kiɗa na sata, tana haƙar kuɗin intanet da ƙarfin kwamfutar wanda ya sauke. Masu ita sun san abin da suke yi: kwamfutar mai haɗa kiɗa tana da ƙarfi, kuma in ta yi zafi tana nishi ba zai yi mamaki ba.

Yaya ke nan za a yanke hukunci? Kallon bidiyon kwatance ba ya ƙarewa, kuma mai bidiyon da hannun gwani yake nuna maka. Abin da na fi yarda da shi shi ne mutum ya zaɓi biyu kacal daga gidaje daban-daban, ya ba kowace aiki iri ɗaya: kiɗan minti ɗaya mai ganga da bas da amo ɗaya a sama, mai farko da tsakiya da ƙarshe, a ɗora murya ko da gunguni ne, a fitar da shi fayil ɗin da za a iya saurara a waya. Sharaɗin shi ne a kai ƙarshe, domin a wajen jera sassa da fitarwa ne halin manhaja yake bayyana, ba a zagayen farko ba. Wadda ka rage tsayawa neman maɓalli a cikinta, ita ce taka. Idan kuma kana da wanda za ka riƙa tambaya ido da ido, ko wanda za ku riƙa musayar aiki, to abin da yake amfani da shi ya rinjayi duk bayanin da na yi a sama. Mutumin da zai leƙo allonka ya ce danna can ya fi darasi goma.

In an matsa mini sai na ambaci suna: mai Mac ya fara da GarageBand. Mai Windows da ganga da bit suka dame shi ya gwada FL Studio, amma ya tsallake sigar Fruity in zai yi waƙa da baki. Mai rerawa ko buga jita, wanda ɗaukar sauti ne babban aikinsa, ya duba REAPER ko ƙaramar sigar Cubase. Wanda kibod ɗinsa ya zo da Live Lite ya ƙure ta tukuna kafin ya kashe ko sisi.

Sauya sheƙa daga baya ba laifi ba ne, kuma abin da aka koya game da MIDI da bafa da haɗa sauti yana bin mutum duk inda ya je. Abin da ba ya binsa fayilolin aikinsa ne. Aikin da aka adana a FL ba ya buɗewa a Cubase, na Live ba ya buɗewa a REAPER. A 2023 Bitwig da PreSonus sun fito da wani tsari na bai-ɗaya mai suna DAWproject, wasu kamfanoni sun karɓa, wasu manya har yanzu ba su shiga ba. Don haka duk waƙar da ka gama, ka fitar da kowane layi daban a matsayin fayil ɗin WAV, dukkansu su fara daga daƙiƙar farko ko da layin shiru ne a wurin, don su hau kan juna daidai a ko'ina aka zuba su. Ka fitar da MIDI ɗin shi ma, ka rubuta gudun bugun a sunan jakar, ka kwafe ta a wani faifai da ba na cikin kwamfutar ba.